Rijiyar Gida ko Ruwan Ga-ruwa: Wa Zai Rubuta wa Gwamnatin Nijar Manhajarta?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa a gaban tagar duwan, a Yamai ko Maraɗi ko Birnin Ƙonni, ya san wata magana mai sanyaya gwiwa, wato a ce masa babu rezo, sai gobe. Daga nan motarsa za ta kwana a inda take, direba da yaron mota su ci abinci daga aljihunsa, mai jiran kaya a kasuwar Katako kuwa ya dinga bugo waya yana tambaya. Haka ma ma'aikacin gwamnati wanda ya sami ƙarin girma, aka yi wata da watanni ƙarin bai bayyana a takardar albashinsa ba, amsar da yakan samu ba ta wuce a ce na'ura ce ba ta karɓa ba. Alhali kuwa na'ura ƙarfe ce, ba ta da laifin kanta. Abin da ke tafiyar da ita shi ne manhaja, wadda mutanen ofis ke kira lojisiyel, wato jerin umarnin da wasu mutane suka zauna suka rubuta. Su waye waɗannan mutane, wa ke biyansu, nawa ake biyansu, kuma wa ke riƙe da mabuɗi? Wannan tambaya ta shafi aljihun kowa, duk da haka ba kasafai ake jin ta a bakin ƴan siyasa ba.

Hanyoyi biyu ne a gaban kowace ma'aikata. Ko dai ta ɗauki injiniyoyinta, ta biya su albashi, su rubuta manhajar su kuma ci gaba da kula da ita, ko kuwa ta ba wani kamfani kwangila, ya zo ya yi aikin ya karɓi kuɗinsa. Mutumin Yamai ya san irin wannan zaɓi tun daga ƙofar gidansa. Mai sayen ruwa a hannun ga-ruwa ba ya kashe kuɗi mai yawa a rana guda, amma kullum sai ya biya, ranar da mai turo kurar bai zo ba kuwa gidan ya kwana da ƙishi. Mai gina rijiya yakan sha wahala a farko, ya kuma ɗauki nauyin guga da igiya da yasa, amma ruwan nasa ne. Babu wanda za a ce ya yi wauta a cikinsu sai an san yawan mutanen gidan da tsawon zaman da za su yi a cikinsa. Kuskuren da ake yawan yi a ofisoshi shi ne a kwatanta kuɗin ruwan yini ɗaya da kuɗin gina rijiya, a ce an gano mai araha.

Bari a fara da kwangila. Adadin da ake karantawa a rediyo ranar sa hannu kan yarjejeniya somin-taɓi ne kawai. Bayansa akwai kuɗin kulawa na kowace shekara, wanda a wajen manyan kamfanonin duniya irin su Oracle yakan kai kashi 22 cikin ɗari na kuɗin lasisi, ma'ana kafin a cika shekara biyar an sake sayen abin da aka riga aka saya. Akwai kuɗin gyare-gyare, domin dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana zuwa da sababbin ƙa'idojin haraji da na duwan, kowane sauyi kuwa sai an shigar da shi cikin manhaja, kamfanin kuma ba zai taɓa layi ɗaya kyauta ba. Akwai kuɗin jirgi da masauki da na guzurin ƙwararren da za a ɗauko daga waje. Sannan yawancin waɗannan kuɗaɗe da yuro ko dalar Amurka ake lissafa su. Tsofaffin ma'aikata ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. A dare ɗaya duk wata kwangila da aka ƙulla da kuɗin waje ta ninka, albashin ma'aikacin gida kuwa bai ninka ba. Yau sefa tana ɗaure da yuro, to amma babu mai iya rantsuwa a kan abin da zai faru da kuɗi cikin shekara goma, kwangilolin manhaja kuwa irin wannan tsawo suke ɗauka.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi amfanin kwangila. Kamfanin da ya yi irin aikin a ƙasashe da dama ya riga ya yi kurakuransa a wani wuri, ya zo da abin da aka gwada. Yana kuma da sauri. A farkon 2019 hukumar zaɓe ta CENI ta ba kamfanin Gemalto aikin tsara rajistar masu zaɓe mai ɗauke da hoto da zanen yatsu, zaɓen kuwa an yi shi ranar 27 ga Disamban 2020, da mutane sama da miliyan 7 a cikin rajista. Ko mai tsananin kishin ƙasa ba zai ce a cikin wannan ɗan lokaci za a iya tara injiniyoyi, a horar da su, su ƙago hanyar tantance zanen yatsun miliyoyin mutane daga tushe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da ake yi sau ɗaya a shekaru, mai buƙatar wata ƙwarewa ta musamman, sau da yawa saye ya fi araha, domin ba za a riƙe ƙwararru ana biyansu albashi suna jiran zaɓe na gaba ba.

To amma akwai wani kuɗi da ba a rubuta shi a takardar kwangila, kuma maƙwabciya Mali ta ɗanɗana shi. A watan Satumban 2023 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Bamako ta sanar da ɗage zaɓen shugaban ƙasa da aka shirya yi a Fabrairun 2024, cikin dalilan da ta bayar har da cewa kamfanin Idemia na Faransa ya riƙe rumbun bayanan rajistar jama'a, wanda ake kira RAVEC, har sai an biya shi bashin da ya haura sefa miliyar 5. Kamfanin bai amince da wannan zargi ba, masu adawa kuma suka ce hujja ce kawai aka nema don tsawaita mulki. A Fabrairun 2024 hukumomin suka ce wasu injiniyoyi ƴan ƙasar sun ƙwato bayanan, aka kuma kafa sabon tsari mai suna Mali Kura Biométrie. Ko wane ɓangare ne ke da gaskiya, abu ɗaya ya fito fili: sunayen ƴan ƙasa guda sun zama abin ciniki tsakanin gwamnati da ɗan kwangila, saboda tun farko ba a tabbatar da mabuɗin yana hannun mai gida ba. Ita ma Nijar ta ga yadda ƙofofi ke rufuwa ba zato bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, ya toshe hanyoyin kuɗi, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarki, har zuwa Fabrairun 2024. A irin wannan hali, ma'aikatar da ba ta iya gyara manhajarta sai ta biya wani a ƙetare tana cikin tsaka mai wuya. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wannan ne ya sa wasu ke cewa a kori ƴan kwangila baki ɗaya, a bar wa ƴan ƙasa aikin. Maganar tana da daɗin ji a dandalin taro, amma ita ma tana da nata lissafin. Injiniyan gida ana biyansa wata goma sha biyu a shekara, ko akwai aiki ko babu. Ana saya masa na'ura, ana ba shi ofis mai sanyi da janareto domin lokacin da wutar NIGELEC ta ɗauke, ana tura shi ƙaro ilimi domin fannin nasa kusan kowace shekara yana sauyawa, daga ƙarshe kuma akwai fansho. Mutum ɗaya ba ya isa. Sai an sami mai tsara aikin, da masu rubutawa, da mai gwadawa, da mai tsare rumbun bayanai daga ɓarayi, da mai rubuta bayanin yadda aka gina komai domin na baya su gane. Inda aka tsallake wannan na ƙarshe, sai a wayi gari duk ma'aikata ta dogara da mutum ɗaya wanda shi kaɗai ya san sirrin na'ura. Ranar da ya yi rashin lafiya aiki ya tsaya, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki don ya saɓa da wani babba kuwa shi ke nan. Irin wannan dogaro bai fi na kamfanin waje sauƙi ba, wani lokaci ma ya fi shi haɗari, domin shi kamfani akwai takardar da za a kai shi kotu da ita.

Babbar matsalar ita ce riƙe ƙwararru. Ba a rasa masu ilimin a ƙasar nan ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa makarantar koyon ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa ta Afirka, wato IAI, a 1971, mai hedikwata a Libreville da reshe a Yamai. Ga makarantar EMIG, ga Jami'ar Abdou Moumouni, ga ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Wani ɗan ƙasa, Abdou Maman Kané, ya ƙago hanyar ba gona ruwa ta wayar salula, har ya ci babbar kyautar Hassan II ta ruwa a 2015. Abin da ya gagara shi ne a zaunar da irin waɗannan a kujerar gwamnati. Tsarin albashin ma'aikata ya san takardar shaida da yawan shekarun aiki, bai san kasuwa ba. Saurayin da ya goge shekara uku a wata ma'aikata, sai banki ko kamfanin waya ko wata ƙungiyar agaji ta yi masa tayin da ya ninka abin da yake karɓa, yanzu ma yana iya zama a ɗakinsa a unguwar Yantala yana yi wa kamfanin Turai aiki ta intanet. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990, lokacin da bashin albashi ya taru wata bisa wata, ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana ta kiran yajin aiki, sun ga yadda masu sana'a a hannu suka riƙa sulalewa. Gwamnati ta koyar, wani ya ci moriya: wannan ma kuɗi ne, kuma ba a cika sa shi cikin lissafi ba.

Kuma ba duk abin da aka yi a gida ke zama daidai ba. A Najeriya ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta ƙi tsarin biyan albashi na IPPIS, ta rubuta nata mai suna UTAS, aka yi ta gardama a 2022 a kan ko ya ci jarrabawar hukumar NITDA ko bai ci ba, a daidai lokacin da jami'o'i suke rufe wata takwas saboda yajin aiki. Manhajar da za ta ɗauki albashin dubban mutane ba a yarda da ita don kawai ɗan gida ne ya rubuta, sai an gwada ta an ga ba ta yoyo.

Mai karatu zai so ya ga lissafin a ƙasa. A ɗauki misali kawai, don a ga yadda ake auna abin. A ce wata ma'aikata ta sayi lasisi a kan sefa miliyan 500, tana biyan kashi 22 cikin ɗari na kulawa, wato miliyan 110 a shekara. A shekara goma kulawa ta ci miliyan 1,100, jimla miliyar 1 da miliyan 600, ban da gyare-gyare. A ce kuma wata ma'aikatar ta ɗauki injiniya goma, tana biyan kowanne jika 600 a wata. Hakan miliyan 72 ne a shekara, miliyan 720 a shekara goma. Ko an ƙara rabin wannan domin kayan aiki da horo, bai wuce miliyar 1 da miliyan 80 ba. A ido, na gida ya yi nasara. To amma idan kamfanin zai gama cikin shekara ɗaya, ƴan gida kuwa sai sun yi uku, dole a ƙara harajin da ya zurare a shekara biyun nan, wanda yana iya cinye ratar baki ɗaya. Idan kuma aka tsaya a shekara biyu maimakon goma, lissafin wani iri zai fito. Darasin shi ne, duk wanda ya kawo adadi bai faɗi tsawon shekarun da ya auna ba, bai faɗi abin da ya bari a waje ba, to ko dai bai iya lissafi ba, ko kuwa akwai abin da yake ɓoyewa.

Tarihin duwan na yankin nan ya nuna hanyoyin biyu a aikace. A 1981 CEDEAO ta nemi hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, CNUCED, ta taimaka wajen tattara alƙaluman cinikin waje, daga nan aka haifi manhajar SYDONIA, wadda duwan ta Nijar ke aiki da ita tare da ƙasashe da yankuna kimanin 100. Ba a sayen lasisinta, amma ana biyan kuɗin girkawa da horo da taimakon ƙwararru, ƙasa kuma tana buƙatar nata injiniyoyin da za su riƙe ta yau da gobe. Ita kuwa Senegal ta bi wata hanya. Tun 1990 duwan ɗinta ke aiki da manhajarta ta kanta mai suna GAINDE, wato zaki da harshen Wolof. A 2002 aka kafa GAINDE 2000, haɗin gwiwa tsakanin duwan da ƴan kasuwa, a 2005 kuma Kenya ta fara aiki da tsarin Simba wanda su ƴan Senegal ɗin suka gina mata. Mai saye ya koma mai sayarwa. Wannan bai samu a shekara ɗaya ba, kuma bai samu ba sai da aka ba injiniyoyin wani gida dabam, wanda ba a ɗaure shi da tsarin albashin ma'aikata ba. A fannin lafiya kuma, Nijar na aiki da DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta, wadda asalin rubutunta a buɗe yake ga kowa. Irin wannan hanya ta tsakiya tana rage kuɗin lasisi, amma ba ta da amfani ga ƙasar da ba ta da masu iya karanta rubutun.

Wato ko ta wace hanya aka bi, sai an dawo kan mutanen gida. Kanada, duk da arzikinta, ta koyi wannan da tsada. A 2011 ta ba kamfanin IBM kwangilar sabon tsarin biyan albashi mai suna Phoenix, ta kuma rage ɗaruruwan tsofaffin ma'aikatan da suka san ƙa'idojin albashi ciki da waje, da nufin tsimi. Da aka fara aiki da tsarin a 2016, dubun dubatar ma'aikata suka shiga uku, wasu aka rage musu, wasu aka ƙara musu aka dawo ana bin su bashi, wasu ba a biya su ba sam. Aikin da aka ware wa kimanin dalar Kanada miliyan 310 ya ci miliyoyi dubbai wajen gyara, babban mai binciken kuɗi na ƙasar kuma ya ɗora alhakin a kan jami'an da suka jagoranci aikin. Wanda bai san abin da yake saye ba, ba zai iya faɗa wa ɗan kwangila abin da yake so ba, ba zai kuma gane ko an ba shi mai kyau ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, muddin dai bai kori duk masu kwana a ɗakin ba.

Saboda haka abin da ya kamaci hukumomi a bayyane yake. Akwai ayyuka huɗu da suke jijiyar ƙasa: albashi, haraji, duwan, da rajistar jama'a. Waɗannan ba aikin shekara ɗaya ba ne, muddin akwai ƙasa akwai su, don haka a kansu rijiya ta fi ga-ruwa araha. Kowanne yana buƙatar rukunin injiniyoyi na dindindin, masu albashi na musamman da zai hana su kallon waje, waɗanda ake ɗauka ta hanyar jarrabawa a bainar jama'a, ba ta hanyar ɗan wane ko ɗan jam'iyyar wane ba. An kafa hukumar ANSI tun 2017 domin tafiyar da irin waɗannan al'amura, an kuma yi dokar kare bayanan jama'a a shekarar. Gida da doka sun samu, saura a zuba mutane a kuma bar su su daɗe. Sauran ayyuka na ɗan lokaci a ba da su kwangila, a kuma yanka manyan kwangiloli ƙanana yadda kamfanonin ƴan ƙasa za su iya shiga gasa, domin kuɗinsu sefa ne, harajinsu a nan suke biya, in an neme su kuma ga su a Yamai.

Duk kwangilar da za a sa wa hannu kuwa, ta ƙunshi sharuɗɗa huɗu. Bayanan su zauna a hannun ƙasa, da kalmomin sirrinsu. A miƙa asalin rubutun manhajar, ko a ajiye shi a hannun wani amintacce na uku. A sa injiniyoyin gida cikin aikin tun daga ranar farko, kada a biya kason ƙarshe sai sun nuna suna iya tafiyar da shi su kaɗai. A kuma rubuta farashin kulawa da na gyare-gyare na shekara goma tun kafin a zaɓi kamfani. A yi hattara musamman da yarjejeniyar da ake cewa gwamnati ba za ta biya ko dala ba, kamfani zai riƙa yankar wani kaso a kan kowace takarda. A Najeriya an tayar da ƙura a majalisar dattawa a 2015 a kan kashi ɗaya cikin ɗari da ake cirewa daga kuɗin da ke bi ta manhajar Remita zuwa asusun bai-ɗaya na gwamnati. Kashi ɗaya ƙarami ne a baki, amma a kan kuɗin ƙasa guda dutse ne. Irin wannan kaso daga aljihun ɗan kasuwa yake fita, shi kuma ya ɗora wa mai sayen shinkafa da sukari.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ma'aikata sun saba tayar da murya a kan yawan haraji da ƙarancin albashi, kuma suna da gaskiya. Lokaci ya yi da za su ƙara wata buƙata a jerin kokensu: duk ma'aikatar da za ta sayi manhaja ta buga kwangilar a jarida, ta nuna lissafin shekara goma na hanyoyin biyu, ta kuma faɗi sunan ofishin da ke riƙe da mabuɗi. Ministan da ya yi zaɓi da gaskiya ba zai ji tsoron nuna wannan takarda ba. Wanda ya ƙi nunawa kuwa, ranar da aka sake cewa babu rezo, jama'a sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.